Ranar da Malam Dabo Ya Mayar da Wuƙarsa Kube

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Kwaya a shekarun baya ya san Malam Dabo mai wankin hula, Allah Ya jiƙansa. Gajere ne siriri, mai ɗan farin gemu, ƙarƙashin faratansa kullum shuɗi saboda bula, har ya koma ga Allah bai fita ba. Zaurensa na bakin hanya. In rana ta fito sai ka ga huluna jere a kan katakan shanya, kamar mutane sun zo gaisuwa sun zauna shiru. Da wannan sana'a ya ci, ya ciyar, ya aurar da 'ya'yansa. Amma matan unguwa ba da hula suka san shi ba, da wuƙa suka san shi.

Akwai gidaje da yawa da ba namiji a ciki: wadda mijinta ya rasu, wadda nata ya tafi Kurmi neman abinci, wadda 'ya'yanta maza suka yi nisa. Mace kuwa ba ta yanka a al'adarmu. To in an yi baƙo, ko mai jego na son romo, sai a ɗauki kaza a nufi zauren Malam Dabo. Ya ɗauraye hannu daga sitaci, ya miƙa ya zaro wuƙa daga jikin azara inda take soke cikin kubenta. Wuƙar mahaifinsa ce, ta sha washi har cikinta ya rame. Ba ya wasa ta a gaban dabba, kuma ba ya yanka sai ya ba ta ruwa ta sha. In aka ce ya ɗauki wuya, yadda aka saba ba mai yanka, sai ya ce a kai wa yara.

Abu guda ne yake ɗan taƙama da shi, shi ma a hankali: tun da ya fara riƙe wuƙar nan ba a taɓa kiransa dabba ta mutu mushe a gabansa ba. In aka ce tunkiyar wance na shure-shure, sai ka ga tsoho ya tattare riga ya sheƙa kamar saurayi. Ya taɓa barin takalminsa ɗaya cikin caɓi, sai daga baya aka tono masa. Idi mahauci, wanda teburin namansa ke tsallaken hanya, taubashinsa ne, don haka ba ya raga masa.

"Malam, kai kaɗai na sani kana tsere da ajali kana cinyewa."

"Astagfirullah. Ajalin ne dai ke biyowa ta hannuna. Kai kuma kana biyo ni don fata."

Shekarar da soja suka koma bariki 'yan siyasa suka karɓi mulki, aiki ya yi wa Malam Dabo yawa. Duk wanda ya taɓa liƙa hoton ɗan takara a bango sai da ya tono hularsa daga ƙasan adaka ya kawo wanki. Damina kuma ta yi ƙarfi a shekarar, ruwa ya hana huluna bushewa. A cikin wannan damina ne abin akuyar Inna Kulu ya faru.

Inna Kulu matar marigayi Malam Sada ce, abokin Malam Dabo tun suna yara. Ɗiyarta ɗaya tana aure a Funtuwa, ita kaɗai take zaune a gida, idonta kuma ya fara yana. Abokiyar hirarta akuya ce ja mai farin ɗamara a ciki, ana kiranta Kyalla. Ba akuyar kasuwa ba ce. Ranar da aka kawo Kulu gidan miji uwarta ta haɗa ta da 'yar akuya, daga ita aka yi ta haihuwa shekara da shekaru. Wasu an yanka a suna, wasu ciwo ya kwashe, wasu sun fita kiwo ba su dawo ba. Saura Kyalla, ga ta da ciki.

Gidan da ke jikin nata wani ma'aikacin gwamnati ne ke haya, Luka, mutumin Filato, da matarsa Marta da yaransu, babbansu Aron. Luka ba ya iya ganin ƙasa a zaune. Bayan ɗakinsa ya yi ɗan lambu, latas da kabeji da karas, da wani ganye da ba wanda ya san sunansa a unguwar. Katangar da ke tsakanin gidajen biyu ta ƙasa ce, ruwan wata shekara ya zaftare samanta a wuri guda, ya bar gurbi daidai kafaɗar mace. Nan ne matan biyu suka mayar kasuwarsu. In Marta ta kai masara inji ta tankaɗe, sai ta zuba dusar a wani tsohon kwanon sha mai tsatsa a gindi ta ɗora a gurbin. Kulu ta ɗauka ta juye wa Kyalla, in ta yi shara ta miƙa kashin awaki a buhu don lambu. Ba sallama, ba aike. In dai kwano na gurbi, na Kyalla ne.

Wata Talata da hantsi, an kwana ana ruwa, Malam Dabo na tsugune ya tsoma fararen hulunan sabon kansila cikin ruwan bula, sai ga Inna Kulu da kanta a bakin zaure, mayafi a karkace, ƙafa ba takalmi.

"Malam, taho da wuƙa. Kyalla za ta tahi."

Bai tsaya tsame hulunan ba. Ya zari wuƙa ya bi ta. Idi na hango shi ya tattare riga, ya bar wa maƙwabcinsa tebur, ya ɗauki tasa wuƙar ta fiɗa ya rufa musu baya.

Suka tarar da akuya kwance a gindin turke. Ƙafafunta sun sandare, jikinta na kyarma ba tsayawa, wuya ya lanƙwashe baya. Malam Dabo ya dafa haƙarƙarinta ya ji zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

"Tun yaushe take haka, Inna Kulu?"

"Da sahe lahiya lau ta ci dusarta, har da lashe kwano. Ina cikin shara na ji tana bugun ƙasa." Ta share ido da bakin mayafi. "Yanka ta, Malam. In irin da Inna ta ba ni zai ƙare yau, ya ƙare da Bismillah, kar ya ƙare a juji. A raba naman gida-gida, sadaka ce ga Malam Sada."

Idi ya kama ƙafafun baya suka juya ta gabas. Malam Dabo ya zare wuƙa, ya taka ƙafafun gaba, ya kama haɓarta ya ɗaga. Kumfa ta gangaro masa a yatsu. Shuɗiya ce.

Da farko ya ɗauka bularsa ce ta sake. Ya goge hannu a riga, ya sa babban yatsa ya ɗaga leɓenta. Dasashi shuɗi, tsakanin haƙora wasu 'yan tsaki-tsaki shuɗɗa. Ya ga awakin da gyauron dawa ya kumbura wa ciki, ya ga waɗanda suka haɗiyi leda, ya ga saran maciji. Bai taɓa ganin dabba ta yi shuɗiyar kumfa ba. Ya ɗauke ƙafarsa ya miƙe.

"Mi kake jira?" in ji Idi. "Sai ta yi maka wasiyya?"

"Inna Kulu, ina kwanon?"

Ta kawo. A gindinsa, inda harshe bai kai ba, dusa ta manne da ɗigo-ɗigon shuɗi. Kulu ta kai shi kusa da idonta ta ce ita ba ta ga komai ba sai dusa. A gurbi ta same shi da sassafe, ta zuba ruwan tsari da 'yar kanwa ta dama, yadda ta saba. Ta matsa jikin katanga ta kwala wa Marta kira.

Marta ta leƙo da murmushinta, hannu duk kumfar wanki. Da ta ga kwanon, ta ga akuya a ƙasa, sai ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Yesu! Mama, wannan ba dusarki ba ce! Maganin dodon koɗi ne!"

Cikin kuka ta faɗi yadda aka yi. Tun da ruwa ya yi yawa dodon koɗi suka addabi lambun, su fito da duhu su cinye latas, da safe sai kara. Wani ɗan'uwan Luka ya kawo masa magani daga Jos, 'yan ƙwayoyi shuɗɗa. Da safen nan kafin Luka ya tafi aiki ya murƙushe su cikin dusa a kwanon, don dusa ke jawo dodon koɗi, da nufin ya barbaɗa in ya dawo da yamma. Ya nemi wuri mai tsawo inda yara da karensu ba za su kai ba, ya ɗora a gurbin katanga. Ita tana bakin famfo, ba ta gani ba. Tana gama faɗa ta ja zani ta fita da gudu neman kabu-kabu, ta je ta kira Luka.

Akuya ta sake mimmiƙewa, haƙora na ƙara.

"To an ji," in ji Idi. "Guba a ciki take. A yanka, in zubar da kayan ciki, a wanke nama tas. Mun sha yi. Malam, ba ta kai azahar, wallahi. In ta mutu kana tsaye da wuƙa a hannu, kai ka mayar da ita mushe."

Inna Kulu ta zuba wa Malam Dabo ido. Wannan kallon ya fi maganar Idi nauyi. Ya san gaskiya ne, in ya ƙi yanka ta mutu, tsohuwar nan ta rasa akuya ta rasa sadaka, a ja abin da uwarta ta bar mata da igiya zuwa bayan ganuwa ungulu su taru. Kuma shi aka kira. Wuƙa na hannunsa, abin bai wuce ya sunkuya ba.

Sai ya fara bin naman a zuciyarsa gida-gida, don ya san yadda ake rabo a unguwar. Cinya za ta shiga gidan Binta mai yaye. Haƙarƙari gidan liman, inda yara suka fi goma. Shi kansa za a aiko wa Tani matarsa da wuya, ko ya ƙi ko ya so.

"Idi, ka tabbata a ciki kaɗai ta tsaya? Akuyar da ke rawa tun daga kunne har kofato?"

"Ni likita ne?"

"Ni ma ba shi ba ne. Ban sani ba. Abin da ban sani ba kuwa ba zan sa mashi Bismillah a raba wa yara ba."

Suna cikin haka sai ga kajin Kulu biyu, waɗanda suka tsattsagi abin da ya zube a gindin turke, sun fito daga bayan murhu suna tangaɗi. Ɗaya ta faɗi ta baje fiffike. Ɗayar ta yi ta juyi a wuri guda.

"Malam, ko kajin ka taimaka ka yanka," in ji Kulu da ƙaramar murya.

"Ki yi haƙuri, Inna Kulu. Abin da ya hana ni waccan shi ya hana ni waɗannan."

Yana tsaye kazar farko ta shure ta mutu dab da ƙafarsa. Ba a jima ba ta biyun ta bi ta. Idi ya dubi kajin ya dubi taubashinsa. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"To, Malam. Yau an cinye ka."

Malam Dabo ya goge wuƙar da ba ta taɓa komai ba, ya mayar da ita kube, ya soke a ƙugu. Ya ce, "Kama min ita."

Ba wanda ya san maganin abin a cikinsu, suka yi abin da ido ya nuna musu. Kulu ta kawo manja a ludayi, don an saba ɗura wa wanda ya ci guba, amma muƙamuƙin akuyar ya ɗaure tamau, man ya bi wuyanta ya zube. Malam Dabo ya lura duk sanda Idi ya ɗaga murya sai ta zabura ta ƙara sandarewa, haka in kwano ya faɗi.

"Sarkin Fawa, ashe muryarka har dabba take firgitawa. Rufe mana baki don Allah."

"Shekara nawa kake neman dalilin faɗa min haka."

"Yau na samu."

Ya tambaya ko akwai wuri mai duhu, ba hayaniya. Kulu ta kwance mabuɗi daga bakin zaninta ta buɗe turakar Malam Sada, wadda ba a buɗe ba tun fitarta takaba. Buzunsa na nan rataye, da butarsa. Nan suka kwantar da Kyalla. Malam Dabo ya tsoma tsohon buhu a randa ya lulluɓa mata, in ya ɗumama ya sake jiƙawa. Ya zauna a ƙasa ya tallafe kanta kar ta fasa shi da bango. Idi, wanda ya zo fiɗa, ya koma ɗibar ruwa, yana tafiya da sanɗa.

Ana kiran azahar suka ji tsayuwar babur. Luka ne, da malamin dabbobi a bayansa riƙe da jaka. Matashi ne mara yawan magana. Ya duba ƙunshin maganin da Luka ya nuna masa, ya yi wa akuyar allura a jijiyar wuya, kyarmar ta fara lafawa kamar ruwa na ɗaukewa. Ya dama garin gawayi ya zura mata ta wata roba har ciki. Da ya ga maiƙo a wuyanta ya tambaya ko ta sha.

"Bai shiga ba," in ji Kulu. "Bakin ya ƙi buɗuwa."

"Allah Ya taimake ku, Inna. Irin wannan gubar, manja na ƙara mata gudu. Duhun nan da jiƙaƙƙen buhu kuwa ku ci gaba da su."

Idi bai haƙura ba. "Malam likita, da an yanka, naman zai ciwu?"

"Ni dai ba zan ci ba, ba zan ba ɗana ba." Ya rufe jaka. "In ta kai gobe da safe, akwai rabo."

Luka ya tuɓe takalmi ya durƙusa a ƙofar turakar, babban mutum da shi, ya kasa haɗa magana. "Mama, ni ne. Na san wurin kwanon ne, wallahi na sani, hankalina ne bai kai ba."

"Tashi, Baban Aron, kar ka ɓata wandon aiki. Kai ka ɗora don ka tsare naka, ni na ɗauka don in ciyar da tawa. Da hannuna na dama mata, har da kanwa don ta ji daɗi."

Kafin la'asar Luka ya haƙa rami mai zurfi a bayan gida. Malam Dabo ya sa aka binne kajin, da kwanon, da sauran maganin, har ƙasar gindin turke sai da ya sa aka kankare aka zuba, don kar kyanwa ko kare su tono. Da ya koma zaure ya tarar hulunan kansila sun wuni cikin bula, sun koma launin sararin sama. Ya faɗa wa mai su gaskiya. Idi ya rantse daga baya cewa kansilan ya sa ɗaya ya je taro, har ana tambayarsa inda ya saya.

Washegari da gari ya waye, Malam Dabo ya tsaya a zaure ya dubi wuƙa a jikin azara, ya bar ta.

"Ka manta wuƙa," in ji Tani.

"Ban manta ba. Ko ta tashi ko ta tahi, ba aikin wuƙa ba ne yau."

Ranar ce kaɗai aka ga yana tafiya gidan mai dabba mara lafiya a hankali, yana jan ƙafa, carbi a hannu. Yana tunanin da wane baki zai gaida Kulu in ya tarar da igiya a wuyan gawa. Ya yi sallama a zaure. Kafin a amsa, sai ya ji wani siririn kuka daga cikin turaka, a shaƙe, kamar na ɗan akuyar da aka haifa jiya.

Kyalla na tsaye. Ƙafafu a warwatse, tana layi, ta taka ta bugi bango, ta juya ta bugi buta. Idanunta a buɗe amma ba ta gani. Kulu na durƙushe tana kiran sunanta, akuyar na bin muryar da hanci har ta sa kai a cinyarta.

"Malam, yanzu ni ce mai idon gidan," in ji Kulu, tana dariya hawaye na zuba.

Malam Dabo ya jingina da ƙyaure ya ce Alhamdulillahi, ya sake faɗa.

Cikin ya zube bayan 'yan kwanaki, Kulu ta yi kukansa. Ganin kuwa ya dawo a hankali, kafin a yanke gero Kyalla na hango dusa daga ƙofar gida. Shekara na zagayowa ta haifi 'yar budurwa ja mai farin ɗamara, irin Inna bai ƙare ba. Luka bai ƙara sayen maganin ba. Ya koma tsince dodon koɗi da hannu da sassafe yana zubawa a bokiti, ya kewaye latas ɗinsa da tokar murhun Kulu, wadda ta shiga cikin kayan da ke tsallake katanga. Marta ta sayi sabon kwano, kuma ba ta ɗorawa sai ta kira, "Mama, na Kyalla ne!" ta ji an amsa.

Malam Dabo bai daina gudu ba in an kira shi, har ƙafa ta gaza. Sai dai daga ranar, in dabba ba ta da lafiya, kafin ya zare wuƙa sai ya buɗe bakinta ya duba, ya ce, "Mi ta ci?" Ko mai ita na kuka sai ta amsa. Idi kuwa ya samu abin tsokana har tsufa. In ya hango shi ya tattare riga sai ya ɗaga murya daga tsallake.

"A yi sauri, mai kaji biyu!"

"Biyu ne, na yarda," Malam Dabo kan ce, bai ko waiwaya ba. "Ka ƙirga min yaran gidan liman, ka ga ko akwai wanda ya ragu."

Da ya rasu, matan da ya yi wa yanka shekara da shekaru suka cika gidan Tani har zaure. Marta na cikinsu da ɗankwalinta. Inna Kulu ta zo a makare, don a lokacin ido ya tafi gaba ɗaya, sai da aka riƙo mata sanda. A ɗaya hannun tana jan igiya, ɗan bunsuru ne ja, jikan Kyalla, ta kawo a yi sadakar uku da shi. Babban ɗan Malam Dabo ya miƙa hannu ya zaro wuƙa daga jikin azara. Idi ya riƙe ƙafafu, ya ce masa ya fara ba shi ruwa.

Allah Ya ba Malam Dabo ruwan da ya sha ba bayinSa marasa baki, Ya sanyaya masa makwanci.